Kaskon Ruwa da Tafin Gero: Jawo Tsuntsaye Tsakar Gida, Gane Su da Ɗaukar Su Hoto

Duk wanda ke son tsuntsaye su riƙa sauka a tsakar gidansa, a Kano yake ko Zariya ko Maraɗi, to ya fara da ruwa kafin hatsi. Yawancin abin da ake gani a intanet kan ciyar da tsuntsaye daga Ingila da Amurka ya fito, inda ƙanƙara ke binne abinci a lokacin sanyi, sai mutane su rataya musu mazubin iri a lambu. Mu nan ƙishirwa ce ke damun tsuntsu. Daga Nuwamba har ruwan farko ya sauka, irin ciyawa na nan zube a ƙasa ko'ina, amma kududdufai sun ƙafe, raɓa ta ɗauke. A watan Maris da Afrilu, kasko ɗaya na ruwa a inuwa ya fi buhun gero jawo tsuntsaye, kuma yana kawo har waɗanda ba su cin hatsi sam, irin su sha-kauci da masu cin ƙwari.

Kaskon yumɓu mai faɗi shi ne ya fi. Faɗinsa ya kai kamar santimita 40, zurfin ruwan kuma kada ya wuce santimita 5 a tsakiya, a gefe santimita 1 zuwa 2. Dalili shi ne ƙananan tsuntsaye ba iyo suke yi ba, tsayawa suke yi a ruwan su tsoma ƙirji su karkaɗe fukafukai, kuma sai sun ji ƙafarsu ta taka ƙasa suke yarda su shiga. Robar wanki da bokiti suna da zurfi da santsi, ɗan tsuntsu kan faɗa ciki ya kasa fita ya mutu. Kwanon ƙarfe kuma kafin azahar ruwan cikinsa ya yi zafi. Yumɓu yana da kaushin da farce ke kamawa, yana kuma tsatsafo da ruwa kamar randa, ruwan ya zauna da sanyi. Idan sabo ne a jiƙa shi ya kwana a ruwa, in ba haka ba zai shanye abin da aka zuba masa cikin awa biyu. A jera tsakuwa da duwatsu uku ko huɗu a ciki, kawunansu a waje, su zama matakala.

Inda aka ajiye kaskon ya fi kaskon kansa muhimmanci. A sa shi a inuwa, taku uku zuwa huɗu daga wata bishiya ko shinge. Tsuntsun da ya jiƙe ba ya tashi da sauri, yana bukatar reshe kusa da zai gudu kai idan shaho ya kawo hari. Amma idan aka manna kaskon a jikin duhuwar fure ko tarin itace, an yi wa kyanwa maɓoya. Ya fi kyau a yi biyu: ɗaya a ƙasa saboda kurciya da ƙananan masu tsince-tsince, ɗaya a kan bulo uku saboda waɗanda ba su son sauka ƙasa. Akwai wata dabara da ke rage kwanakin jira ƙwarai. A sami gorar ruwa ta roba mai lita ɗaya da rabi, a huda gindinta da allura, a rataye ta sama da kaskon ta riƙa ɗiga. Ƙarar ɗigon da motsin ruwan su ke sanar da tsuntsun da ke wucewa. Idan tana ɗiga sau ɗaya a daƙiƙa, za ta kai wajen awa takwas. Wanda ya ga ɗigon ya tsaya bayan 'yan mintoci, murfin ne ya ɗaure tam, iska ba ta shiga. A ɗan sassauta shi.

Kada a yi tsammanin baƙi a ranar farko. Gidan da ke da bishiya kan sami masu zuwa cikin kwana uku zuwa mako guda, gidan da siminti ya rufe ko'ina kan ɗauki fiye da haka. Abin da ke kashe al'amarin shi ne a zuba ruwa yau a manta gobe, ko a riƙa matsar da kaskon daga nan zuwa can.

Sai hatsi. Gero ne uban tafiya, domin kusan duk mai gajeren baki yana cinsa. Dawa ta yi wa ƙananan girma, sai an ɓarza ta, amma kurciya da hasbiya suna haɗiye ta yadda take. Acca, inda ake samunta kamar Jos da kudancin Kaduna, ita ce ta fi dacewa da 'yan mitsi-mitsin tsuntsaye saboda ƙwayarta ta yi kusa da irin ciyawar da suka saba ci. Rabin gwangwanin madara da sassafe ya isa a farawa. Ma'aunin shi ne a zuba abin da zai ƙare kafin hantsi ya yi zafi. Hatsin da ya kwana a ƙasa ɓera yake kira, ɓera kuma maciji ke binsa, daga nan mutanen gida su sa ƙafa su shure abin gaba ɗaya, kuma da gaskiyarsu. A watsa shi a kan dandaɓe mai tsabta ko faifai, ba a tara shi tuli ɗaya ba, don kada kurciya biyu su tsare wurin su hana kowa.

Akwai abubuwan da ba a ba tsuntsu, kuma wannan ba wurin sassauci ba ne. Irin shuka da aka shafa wa magani, wanda za ka gan shi ja ko ruwan hoda, guba ne. Haka hatsin da aka adana da maganin ƙwari bai sha iska ba. Gyaɗa ko masarar da ta yi fumfuna tana ɗauke da dafin da ke lalata hanta, kuma jikin tsuntsu mai nauyin giram goma ba ya jure ko kaɗan. Ragowar tuwo da miya da shinkafa dafa-duka suna da gishiri da mai, kuma suna tsami kafin rana ta take. Da damina hatsin kan jiƙe ya ruɓe cikin kwana ɗaya, don haka a rage shi sosai ko a daina. Lokacin abinci ya wadata a daji, gara da shinge da tsutsa sun fito, iyaye ma ƙwari suke kai wa 'ya'yansu.

Masu cin 'ya'yan itace kuwa, a raba gwanda nunanniya biyu ko ayaba, a soke ta a ƙusa a jikin reshe, a cire ragowar da magariba saboda ƙuda da jemage. Idan kiyashi ya dame ta, a zagaye gindin sandar da toka, ko a tsayar da ita cikin gwangwani mai ruwa. Sha-kauci ana iya yi masa ruwan sukari, awo ɗaya na farin sukari a awo huɗu na ruwan da aka tafasa ya huce, ba zuma, ba kala, a zubar a sake kullum saboda zafinmu na sa shi tsami da wuri. A ganina shuka ta fi wannan wahalar. Zogale guda ɗaya mai fure zai riƙe sha-kauci a gida watanni, minjirya da gurjiya kuma suna fitar da jan fure a tsakiyar rani, daidai lokacin da fure ya yi ƙaranci. Ɓaure ko ceɗiya idan suka yi 'ya'ya, babu mazubin da ya kama ƙafarsu.

Tara tsuntsaye a wuri ɗaya tara cuta ne idan babu tsabta. A zubar da ruwan kullum, a goge kaskon da soso kafin a zuba sabo. Wannan kaɗai ya kashe maganar sauro, tunda daga ƙwai zuwa sauro mai tashi ana ɗaukar wajen mako guda ko fiye. Sau ɗaya a mako a wanke da bilic, awo ɗaya a awo tara na ruwa, a ɗauraye sosai, a shanya a rana ya bushe ƙayau. Idan aka ga kurciya ta kumbura gashi tana zaune shiru, tana ƙoƙarin haɗiya hatsi na faɗowa daga bakinta, akwai cutar maƙogwaro da ke yaɗuwa ta ruwan sha. A kwashe kasko da faifai gaba ɗaya na mako biyu su watse. Mai kiwon kaji ko tattabaru ya raba wurin tsuntsayen daji da nasa nesa da juna, kada su haɗa mazubi. Murar tsuntsaye ta shigo Nijeriya tun 2006 kuma tana dawowa lokaci-lokaci. Idan aka ji ta ɓulla a yankin, a dakata da ciyarwa. Tsuntsun da aka tsinta matacce kada a taɓa shi da hannu tsirara.

Wani abin da ke kashe su a gidajen zamani shi ne gilashin taga mai ɗaukar hoton sama da bishiya. Tsuntsu ya firgita ya tashi, ya ga sarari a gilashin, ya daki kansa. Ko dai kaskon ya kasance dab da tagar, ƙasa da mita ɗaya, yadda bai isa ya ɗauki gudu ba, ko kuma ya yi nisa da ita kamar mita goma. Raga ta sauro a wajen gilashin ma tana magance wannan. Yara masu danƙo kuma gara a jawo su cikin lamarin tun farko, a ba su aikin zuba ruwa da ƙirga masu zuwa.

To sun fara zuwa, yaya ake gane su? Kuskuren mai farawa shi ne ya fara da launi. Launi shi ne na ƙarshe, domin haske na canza shi, mace da namiji sukan bambanta, wasu kuma suna sauya riga da damina. A fara da girma, a auna da tsuntsaye huɗu da kowa ya sani: baiwar Allah, gwara, kurciya, hankaka. Wannan baƙon ya fi gwara bai kai kurciya ba? An riga an rage rabin littafi. Sai baki: gajere mai kauri na mai fasa iri ne, siriri miƙaƙƙe na mai cin ƙwari, dogo lanƙwasasshe na mai shan fure. Sai tsawon bindi da yadda yake riƙe shi, sai tafiyarsa, tsalle yake yi ko taku, shi kaɗai yake zuwa ko garke. Bayan nan ne ake duba inda launi yake: kunci, ƙeya, maƙogwaro, gindin bindi, da launin ido da ƙafa. Sunayen Hausa sukan sauya daga gari zuwa gari, wani sunan kuma ya haɗa iri uku ko huɗu, don haka a rubuta sunan gida tare da sunan da ke cikin littafi ko manhaja.

Wadda kusan kullum ke fara sauka ita ce baiwar Allah, ɗan jan tsuntsun nan mai tsawon santimita 10 da ke shiga har bakin murhu. Namijin ja ne, fukafukansa ruwan ƙasa, bakinsa ja, da siririn zobe rawaya a idonsa. Idan ya matso za ka ga 'yan fararen ɗigo a gefen ƙirjinsa kamar an yayyafa masa gari. Macen ruwan ƙasa ce, jan nata ɗan tabo ne tsakanin ido da baki, sai gindin bindi. Suna sheƙa a jinka da zana da ramin katanga, su shimfiɗe cikinta da gashin kaza. Abokin tafiyarta asisi, ya ɗan fi ta tsawo saboda bindi, ƙirjinsa da fuskarsa shuɗi mai haske kamar sararin sama, bayansa ruwan ƙasa. Namijin yana da jan tabo a kunci, macen ba ta da shi kuma shuɗinta bai kai nasa ba. Mutane da yawa sukan ɗauka namijin da macen iri biyu ne.

Inda baiwar Allah ta yawaita, a sa ido da kaka ga wani ɗan baƙin tsuntsu mai sheƙi, girmansu kusan ɗaya, bakinsa fari-fari, ƙafarsa ja ko ruwan goro, yana zaune a kan waya ko ƙololuwar reshe yana rera kuka. A manhaja sunansa Village Indigobird. Ba ya yin sheƙa. Macen takan faki ido ta saka ƙwanta a sheƙar baiwar Allah, a ƙyanƙyashe shi a rene shi tare da 'ya'yan gida. Ɗan nasa yana fitowa da zanen cikin baki irin na 'ya'yan baiwar Allah sak, shi ya sa uwar riƙon ba ta gane shi, namijin kuma idan ya girma yana saka kukan baiwar Allah cikin nasa. Zalaidu mai dogon bindi ma haka danginsa ke yi wa wasu ƙananan tsuntsayen. A duwatsun Jos akwai wata 'yar'uwar baiwar Allah da masana ba su bayyana ta a matsayin iri na daban ba sai 1998, kuma ta hanyar bin kukan irin wannan baƙin tsuntsun aka kai gare ta.

Marai shi ne ke rikita mutane da sauyin riga. Da damina namijin rawaya ne mai baƙin kai, ƙeyarsa makuba, idonsa ja, yana rataye a ƙarƙashin sheƙar da ya saƙa yana kaɗa fukafukai don mace ta zo ta duba. Da rani duk wannan ya zube, ya koma kamar macen, kore-kore mai ratsi a baya. Mulufi mai ja da baƙi da zalaidu ma haka: daga Disamba za su koma 'yan tsuntsaye ruwan ƙasa masu zane, har ka rantse gwara ne. A nan baki da girma ke raba gardama. Marai yana da dogon baki mai ƙarfi. Mulufi ya fi shi ƙanƙanta, bindinsa gajere, da farin layi saman ido. Jan baki kuma, wanda manoman gero da shinkafa suka sani sarai, bakinsa ne ke tona shi. Wasu daga cikin waɗannan ko ƙwararru sukan bar su ba suna har rigar damina ta fara fitowa, kuma hakan ya fi a laƙaba musu sunan da ba nasu ba.

Kurciya ma ba ɗaya ba ce. Wadda ta fi yawa a cikin gari ba ta da baƙin zobe a ƙeya. Ƙirjinta ne ke da ɗigo-ɗigon baƙi a kan makuba, gefen fiffikenta ruwan toka mai shuɗi, ƙarshen bindinta fari idan ta tashi. Masu baƙin zobe a ƙeya iri-iri ne, kuma ido ne mabuɗi: babbar mai jan ido mai duhu daban, mai rawayan ido da jar fata kewaye da shi daban, ƙaramar mai baƙin ido daban. Kukansu ya fi kamanninsu bambanta, don haka a saurara. Hasbiya ta fi su duka girma, da jar fata kewaye da ido da fararen ɗigo a fukafukai. Bardo ƙarami ne mai dogon bindi mai tsini, namijin baƙar fuska da maƙogwaro, idan ya tashi sai ka ga makuba a fiffike. Ka lura da shan ruwansu: dangin kurciya suna tsoma baki su zuƙa ba ɗagowa, yawancin sauran tsuntsaye kuwa sai sun ɗiba su ɗaga kai.

Sauran baƙin sun danganta da unguwa. Mai baƙin kai da ɗan tukku, mai yawan surutu da asuba, wanda littattafai ke kira bulbul, shi ne zai fara gano gwandar. Kacakaca sukan zo su shida ko bakwai da hayaniya su cika kaskon. Kulkulu, cilakowa, ragon maza da tsanwaka sai gidan da ke kusa da manyan bishiyoyi ko bakin gari. Daga Oktoba zuwa Maris kuma a duba ƙananan masu siririn baki da ba a saba gani ba, domin lokacin ne baƙin Turai ke nan bayan sun ƙetare Sahara, kuma ruwa ne kaɗai ke sauko da su tsakar gida.

Madubin hangen nesa mai lamba 8x42 ko 8x32 ya ishi kowa. Takwas ɗin yawan jawowa ne, lamba ta biyu faɗin gilashin gaba a milimita. Waɗanda ake tallarsu da 20x50 ko fiye, hoton na rawa a hannu kuma ba su ganin abin da ke kusa. Kafin a saya a gwada ko zai nuna abu sarai a nisan mita biyu zuwa uku, tunda a tsakar gida za a yi aiki da shi, a kuma tabbata hoton ɗaya yake fitowa ba biyu ba; mai nuna biyu ciwon kai yake sawa kuma gyaransa wuya.

Hoto mai kyau a kan shirya shi tun kafin a ɗauko kyamara. Tsuntsu a bakin kasko ko a kan faifai ba ya yin kyau kamar tsuntsu a kan reshe, kuma kusan duk tsuntsu yana son ya ɗan tsaya a wani wuri ya duba kafin ya sauka. Saboda haka a kafa masa wurin: busasshen reshe mai kyan siffa, kaurinsa kamar fensir ga ƙanana, kamar babban yatsa ga kurciya, a ɗaure shi a sanda rabin mita daga kaskon, ya ɗan fi shi tudu. Reshe ɗaya, ba biyar ba, don ka san inda zai sauka ka saita kyamara can tun kafin ya zo. Sai a duba abin da ke bayan reshen. Idan bango ko ganye na manne da shi, hoton zai cakuɗe. A bar tazarar mita uku zuwa biyar tsakanin reshen da abin da ke bayansa, sai bayan ya narke ya zama launi ɗaya. Katangar ƙasa da ke cikin inuwa tana ba da baya mai kyau ƙwarai ga asisi da marai. A kauce wa farin fenti da kwanon rufi da igiyar shanya.

Rana ta kasance a bayanka. Wanda zai yi hoto da safe ya zauna gabas da reshen, na yamma ya zauna yamma da shi. Lokacin shi ne daga fitowar rana zuwa wajen ƙarfe tara, sai bayan la'asar. Hasken tsakar rana daga sama yake dukan tsuntsu, ido ya faɗa cikin inuwa, farin gashi ya ƙone. Kyamara ta zo daidai da tsayin idon tsuntsun. Idan kaskon ƙasa ake ɗauka, to a zauna a tabarma ko a kwanta rub da ciki. Nisa mita uku zuwa biyar. Maɓoya ba sai an saya ba: zana da aka huda wa taga, ko labulen ɗaki da aka bar wa 'yar kafa. A kafa ta kwana biyu kafin a fara, a shiga tun kafin a zuba hatsi. Motsin hannu farat ɗaya ke korar su fiye da ganin mutum.

Ga mai kyamara, gilashi mai milimita 300 shi ne mafi ƙanƙanta, 400 ya fi. Kyamarori masu dogon zum a jiki irin su Nikon P950 da Canon SX70 suna kai wa nesa da kuɗi kaɗan, sai dai suna son haske sosai. Rashin saurin ƙiftawar kyamara shi ne abin da ya fi lalata hotuna. Baiwar Allah ba ta tsayawa cik, kanta na juyawa koyaushe, don haka kada a sauka ƙasa da 1/1000 na daƙiƙa. Wanka da tashi suna son 1/2000 zuwa sama. Kurciya a zaune 1/500 ya ishe ta. Ƙofar haske f/5.6 zuwa f/8, domin a nisan mita uku idan aka buɗe ta gaba ɗaya ido zai fito, bindi ya dushe. A bar ISO, wato ƙarfin jin hasken kyamara, ya zaɓi kansa, a yi masa iyaka a 3200. Hoto mai 'yar tsakuwa-tsakuwa ana gyara shi, wanda ya girgiza kuwa sai shara. A sa ɗigon saiti guda ɗaya a kan ido, a zaɓi saitin da ke bin motsi, a riƙa ɗauka a jere uku zuwa biyar. A jira ya ɗan juyo da kai wajen rana har ɗigon haske ya bayyana a ƙwayar idonsa. Wannan ɗigon ne ke sa tsuntsun ya fito da rai.

Kyamara tana ruɗewa da fari da baƙi. Ga balbela ko ƙirjin hankaka a rage haske a ma'aunin kyamara da kashi biyu cikin uku na mataki zuwa mataki ɗaya, in ba haka ba zanen gashin zai ɓace. Tsuntsun da ke kan waya sama na bayansa sai an ƙara mataki ɗaya ko fiye, in ba haka ba baƙin inuwa zai fito. Ja mai ƙarfi irin na mulufi yana saurin cikewa ya zama kamar an shafa fenti, a rage masa kashi ɗaya cikin uku na mataki. Sha-kauci kuwa sheƙinsa ya danganta da kusurwar haske: a wani juyi baƙi ne, a wani kore mai walƙiya, sai an yi ta ɗauka.

Mai waya kada ya ja hoton da yatsu, yanka hoton kawai wayar ke yi ta faɗaɗa shi. Gara a kai wayar kusa: a ɗaure ta a mariƙi mai ƙafa uku ko a jingine ta da dutse, rabin mita zuwa mita ɗaya daga reshen, a danna kan reshen a riƙe har saitin ya kulle, a koma ɗaki a riƙa ɗauka da ɗan rimot na Bluetooth. Ko a kunna bidiyo mafi inganci na minti goma, daga baya a ciro hotuna daga ciki. A kashe ƙara da walƙiya, a yi wa wayar inuwa da kwali domin a rana takan yi zafi ta kashe kyamarar da kanta. Ana kuma ɗora idon wayar a kan idon madubin hangen nesa. Idan baƙin zobe ya kewaye hoton, tazarar da ke tsakaninsu ce ba ta daidaita ba, a murɗa robar idon sama ko ƙasa.

Hunturu yana ba da haske mai laushi saboda hazo, amma ƙurarsa maƙiyiyar kyamara ce. Kada a canza gilashi a waje. A busa ƙurar da 'yar robar hura iska kafin a goge, domin goge gilashi da ƙura a kansa karce shi yake yi, bakin riga kuma ya fi komai ɓarna. Da damina matsalar laima ce, fumfuna kan tsiro a cikin gilashi. A ajiye kayan a roba mai murfi tare da ƙunshin nan masu tsotse laima da ke zuwa cikin kwalin takalmi da magani.

Sheƙa ba wurin hoto ba ce. Yanke ganyen da ya rufe ta don a sami fili yana nuna wa hankaka da kyanwa hanya, tsayawa kusa kuma yana hana iyaye kawo abinci, a zafin Afrilu ƙwai ko ɗan tsako ba ya jure daɗewa ba uwa a kansa. Kunna kukan tsuntsu a waya don a kira shi ma a bar shi, musamman lokacin sheƙa, tunda barin aikinsa yake yi ya zo neman abokin gaba.

A ajiye littafi: kwanan wata, lokaci, wanda ya zo, su nawa, me suka ci. Bayan shekara ɗaya zai nuna makon da marai ke fara sauya riga a unguwarku da ranar da shamuwa ta iso. Wannan bayanin yana da masu bukatarsa. Nijeriya tana da tsuntsaye sama da iri 900, kuma garuruwan arewa da yawa ba a rubuta abin da ke cikinsu ba yadda ya kamata. Cibiyar binciken tsuntsaye ta A.P. Leventis da ke dajin Amurum kusa da Jos tana jagorantar aikin taswirar tsuntsayen ƙasar, inda aka raba ƙasa gida-gida, kowane gida kimanin kilomita tara a tsawo da faɗi, masu sa kai suna shigar da abin da suka gani ta manhajar BirdLasser. Akwai kuma eBird don ajiye jeri, da Merlin da ke taimakawa wajen gane tsuntsu daga hoto. Amsar Merlin shawara ce, a gwada ta da baki da girma da wurin da aka ga tsuntsun kafin a yarda. Wanda aka kasa ganewa a ɗauke shi ta gefe, ta baya da ta gaba, yadda baki da ƙafa da bindi za su fito, a naɗi kukansa ko na daƙiƙa goma ne, a rubuta gari da wata, sannan a tura wa waɗanda suka fi sani.